Edge of Tomorrow: Fim ɗin sojan da ke mutuwa yana farkawa a jiya

Edge of Tomorrow fim ne na Amurka da ya fito a shekarar 2014. Doug Liman ne ya ba da umarni, Tom Cruise da Emily Blunt kuma su ne manyan jaruman. Yana cikin rukunin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya da aka cakuɗa da yaƙi, tsawonsa minti 113, kuma kamfanin Warner Bros. ne ya fitar da shi tare da haɗin gwiwar Village Roadshow. Labarin wani hafsan soja ne matsoraci da aka jefa fagen daga a yaƙin da 'yan Adam ke gwabzawa da wasu baƙin halittu daga sararin samaniya. Bai daɗe da sauka ba aka kashe shi, sai ya buɗe ido ya tsinci kansa a jajiberin yaƙin, komai ya koma yadda yake jiya. Tun daga nan duk lokacin da ya mutu sai ranar ta dawo farko, kuma shi kaɗai ne ke tuna abin da ya wuce.

Wanda ya ci karo da fim mai suna Live Die Repeat a faifai ko a intanet, wannan ɗin ne dai aka sauya wa riga. Wanda kuma bai kalla ba, ya sani cewa bayanin nan ya kai har ƙarshen labarin.

Yadda labarin yake

Wani dutse ne daga sararin samaniya ya faɗo a ƙasar Jamus ɗauke da halittun da aka laƙaba wa suna Mimic, wato masu kwaikwayo. Cikin shekara biyar suka mamaye kusan dukkan Turai, suka tsaya a gaɓar tekun da ya raba Faransa da Ingila. Ƙasashen duniya suka haɗa runduna guda, suka ƙera wa sojojinsu wani sulken ƙarfe mai inji wanda ke ƙara wa mutum ƙarfi kuma yake ɗauke da bindigogi. Nasara ɗaya tak rundunar ta taɓa samu, a Verdun ta ƙasar Faransa, inda wata Saje Rita Vrataski ta hallaka ɗaruruwan halittun har aka riƙa manna hotonta a jikin motoci da bangaye. A kan wannan nasara aka gina shirin kai gagarumin hari ta gaɓar Faransa, yayin da sojojin Rasha da na Sin za su turo daga gabas.

Manjo William Cage, wanda Cruise ya fito a matsayinsa, bai taɓa jin warin albarushi ba. Asalinsa ɗan talla ne, kamfaninsa ya durƙushe da yaƙi ya ɓarke, sai ya koma sashen yaɗa labarai na soja, yana fitowa a talabijin yana zuga 'ya'yan mutane su shiga yaƙin da shi ba zai je ba. Da aka kira shi Landan, Janar Brigham ya umarce shi ya bi ayarin farko da 'yan ɗaukar hoto. Cage ya yi magiya, da magiya ta ƙi sai ya koma barazana: ya nuna wa Janar ɗin cewa yana da bakin da zai iya ɗora masa laifin duk ran da ya salwanta. Aka kama shi, aka sumar da shi, ya farfaɗo da ankwa a hannu a filin jirgin saman Heathrow da aka mayar sansanin soja. An cire masa anini, an mayar da shi farabiti, takardarsa kuma ta ce ɗan gudun soja ne. Aka danƙa shi ga Saje Farell da wata ƙaramar tawaga ta tarkacen sojoji da ake kira J.

Kashegari aka sauka bakin teku, sai aka tarar abokan gaba sun san da zuwan. Aka yi wa rundunar yankan rago. Cage, wanda ko cire makullin bindigarsa bai iya ba, ya ga an kashe Rita a gabansa. A ƙarshe ya tayar da nakiya a jikin wata ƙatuwar halitta shuɗiya, jininta ya kwarara a fuskarsa, ya mutu. Sai ga shi a Heathrow da ankwa a hannu, ana daka masa tsawar da aka daka masa jiya.

Ya yi ta gargaɗin mutane ba wanda ya saurare shi, har aka taɓa liƙe masa baki. Bayan mutuwa da dama ya ceci Rita a fagen daga, ita kuma da ta ga yana sanin abin da zai faru kafin ya faru, ta ce ya neme ta idan ya farka. Ashe ita ma ta taɓa shiga wannan hali a Verdun, kuma da shi ta zama gwarzuwar da ake yabo.

Ƙa'idar maimaituwar rana

Rita da abokin aikinta, Dokta Carter, masanin kimiyyar da aka kora daga aiki saboda an ɗauke shi mai taɓin hankali, su ne suka warware wa Cage al'amarin. Halittun nan jiki ɗaya ne da ya rarrabu. Ƙananan da ke cika fagen yaƙi kamar farata suke. Shuɗayen da ake kira Alfa, waɗanda ba su da yawa, su ne jijiyoyi. Ƙwaƙwalwar kuwa ita ce Omega, wadda ke ɓoye a wani wuri kuma take da ikon juya lokaci. Duk sanda aka kashe Alfa, sai Omega ta mayar da rana baya tana riƙe da sanin abin da ya faru, ta gyara kuskurenta. Shi ya sa ba a cin su da yaƙi. Hatta nasarar Verdun da gangan suka bari aka samu, domin 'yan Adam su ruɗu su zuba dukkan ƙarfinsu a hari guda a murƙushe su lokaci ɗaya.

Jinin Alfa da ya shiga jikin Cage shi ya sa ikon ya koma hannunsa. Sai dai akwai sharaɗi: dole ya mutu. Idan ya ji rauni aka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin jini, ikon ya tafi, kuma ta haka Rita ta rasa nata. Saboda haka duk lokacin da ya karye a wajen atisaye, sai ta zaro bindiga ta harbe shi a ka, a sake daga farko, ko da kuwa yana rantsuwa cewa ƙafarsa lafiya lau take.

Masu kallon da suka saba da finafinan Indiya irin su Karan Arjun na 1995, inda jarumai ke mutuwa a sake haifar su, kada su haɗa biyun. A nan ba a sake haihuwar kowa, kuma matacce ba ya tashi. Agogon duniya ne gaba ɗaya ake mayarwa baya, ta yadda mutuwar ba ta riga ta faru ba. Tatsuniya ce irin ta zamani, kuma fim ɗin bai ɓata lokaci wajen ƙoƙarin gamsar da kowa cewa hakan mai yiwuwa ne ba.

Inda ƙarfin fim ɗin yake

Maimaita rana guda dabara ce da ta riga wannan fim. Groundhog Day na 1993, wanda Bill Murray ya fito a ciki, shi ne ya fi shahara da ita. Source Code na 2011 ya yi amfani da irinta a cikin jirgin ƙasa, kuma a Indiya an yi Maanaadu da harshen Tamil a 2021. Haɗarin dabarar a bayyane yake: abin da aka nuna sau uku ya fara gundura. Liman da masu haɗa masa hotuna sun kauce wa wannan ta hanyar sauya abin da mai kallo ya sani a kowane mataki.

A farko mai kallo na tare da Cage, ya san abin da sauran ba su sani ba, don haka abin dariya ne. Ana ganin sa yana ƙarasa wa Saje Farell maganarsa, yana ƙoƙarin mirginawa ƙarƙashin motar soja don ya tsere, motar ta take shi, a sake. Christopher McQuarrie, ɗaya daga marubutan, ya bayyana cewa Cruise ne ya dage a riƙa fito da ban dariyar da ke cikin waɗannan mace-mace, kamar yadda ake yi a zanen barkwanci na yara. Jarumin da duniya ta saba gani ba ya faɗuwa, ga shi yana kururuwa yana roƙon kada a harbe shi. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na fim ɗin.

Daga tsakiya kuma sai a daina nuna maimaicin. Ana shiga sabon waje, mai kallo ya ɗauka wannan ne karo na farko, sai daga baya ya gane Cage ya sha zuwa. Mafi kyawun misali shi ne gidan gonar da suka fake bayan sun tsira daga bakin teku. Rita ta ji rauni, akwai jirgi mai saukar ungulu a bayan gidan, tana son su nemi makullinsa su wuce. Cage yana ta jan ƙafa, ya haɗa mata kofi, ya zuba sukari uku daidai yadda take sha. Nan ta tsaya ta dube shi, ta tambaye shi sau nawa suka zo wannan gida. Makullin na aljihunsa tuntuni. Ya ɓoye ne domin duk hanyar da ya gwada, a nan take mutuwa. A wannan lokaci mai kallo ya koma matsayin Rita, yana kallon mutumin da ya san ta ciki da bai alhali ita jiya ta fara ganin sa.

Wannan shi ne ainihin abin da fim ɗin ya ƙunsa, a ganin mai wannan rubutu. Ana yawan bayyana shi a matsayin labarin matsoracin da ya zama jarumi, kuma haka ne, domin ƙwarewar Cage ba baiwa ce ba, haddar kowane taku ce da ya biya da ransa. Amma kuɗin da ya fi tsada shi ne tunawa. Rita ta taɓa gaya masa a mota cewa a Verdun ta ga mutuwar wani abokin yaƙinta mai suna Hendricks sau ɗari uku, kuma ba ta manta ko ɗaya ba. Shi ya sa ba ta son hira, ba ta son sabo. Bayan gidan gonar Cage ma ya koma irinta. Ya daina neman ta, ya daina ceton 'yan tawagarsa da ya saba ceta, ya ratsa fagen daga shi kaɗai fuska a murtuke. Akwai ma ranar da ya gudu Landan ya zauna a mashaya cikin tsofaffi, aka kira shi matsoraci, kafin ya fita ya ga halittun sun biyo kogin Thames sun shigo birnin. Gudun bai tsinana masa komai ba.

Emily Blunt ta ba wannan ɓangare nauyinsa. Ita ce malama, shi ne ɗalibi, kuma kusan har ƙarshe ba a mayar da ita budurwar jarumi ba. Ta samu lambar yabo ta Critics' Choice a rukunin jaruma mace a fim ɗin faɗa saboda wannan rawa. Bill Paxton, wanda ya fito a Saje Farell, mai wa'azin cewa fagen yaƙi ne ke wanke zunubin soja kuma mai tilasta wa 'yan caca cinye kartarsu, shi ma ya bar abin tunawa. Brendan Gleeson ne Janar Brigham, Noah Taylor kuma Dokta Carter.

Ƙarshen labarin da abin da ake kuka da shi

Wahayin da ke nuna wa Cage cewa Omega na wata madatsar ruwa a Jamus tarko ne aka ɗana don a zubar masa da jini a ƙwace ikon. Da ya gano haka, sai shi da Rita suka shiga ofishin Brigham suka karɓo wata na'ura da Carter ya ƙera, wadda ta nuna masa maɓoyar gaskiya: ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Wajen tserewa suka yi hatsari, Cage ya farka a gadon asibiti an riga an yi masa ƙarin jini. Saura rai ɗaya kenan. A daren suka shawo kan 'yan tawagar J suka tashi zuwa Faris, inda aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Rita ta janye hankalin Alfa ta rasa ranta, Cage ya nutse cikin ruwa ya saki gurneti a cikin Omega. Jininta ya lulluɓe shi yana mutuwa, sai ya farka a cikin jirgin da ke kawo shi Landan, tun kafin ya gana da Janar. Ana sanar da cewa halittun sun mutu. Ya je Heathrow da aninin Manjo a kafaɗa, ya tarar da Rita tana atisaye, ta tambaye shi abin da yake so kamar yadda ta saba, shi kuma ya yi dariya.

Wannan ɓangare ne mafi rauni. Da aka cire maimaicin, fim ɗin ya koma irin waɗanda aka saba gani, ga shi kuma an ɗauke shi cikin duhu har da ƙyar ake gane wa ke harbin wa. Ƙarshen ma ya saɓa wa ƙa'idar da fim ɗin ya shimfiɗa da kansa: idan an koma baya, me ya sa Omega ba ta dawo da rai ba? An dawo wa mai kallo da duk wanda ya mutu domin ya fita sinima da murmushi. Abu ɗaya da aka bari shi ne cewa har yanzu Rita ba ta san shi ba.

Inuwar yaƙe-yaƙen Turai

Kusan kowane suna a fim ɗin aro ne daga tarihi. Verdun ita ce inda Faransa da Jamus suka shafe daga Fabrairu zuwa Disamba na 1916 suna gwabzawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rasa dubban ɗaruruwan rayuka. Saukar bakin teku kwaikwayon saukar sojojin ƙawance ce a Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944, kuma yadda aka ɗauke ta na tuna wa mutum buɗewar Saving Private Ryan na Steven Spielberg. An saki fim ɗin a Amurka ranar 6 ga Yuni, 2014, daidai cika shekara 70 da wancan hari. Sunan da aka ba harin a fim ɗin, Operation Downfall, shi ne sunan shirin mamaye Japan da Amurka da ƙawayenta suka tsara a 1945, wanda ba a kai ga aiwatarwa ba saboda Japan ta miƙa wuya.

Littafin da aka ɗauko shi

Abin lura shi ne labarin kansa daga Japan ya fito. Hiroshi Sakurazaka ne ya rubuta shi da sunan All You Need Is Kill, aka wallafa a 2004, fassarar Ingilishi ta fito a 2009. Marubucin ya ce daga wasannin bidiyo ya samo tunanin, inda ɗan wasa ke mutuwa ya sake farawa har sai ya haddace hanya. A littafin jarumin matashin kurtu ne ɗan Japan mai suna Keiji Kiriya, kuma daga yadda Amurkawa ke furta Keiji aka samo Cage. Yana rubuta adadin maimaicin a bayan hannunsa, har ya kai 160. Fim ɗin kuwa bai taɓa faɗin adadi ba. Babban bambanci yana ƙarshe: a littafin, Keiji da Rita ba za su iya fita daga maimaicin su biyu a raye ba, dole ɗaya ya kashe ɗaya, kuma shi ne ya kashe ta. A 2014 an mayar da littafin labarin zane, wanda Takeshi Obata ya zana.

Warner Bros. ya sayi rubutun farko daga Dante Harper a 2010. Daga baya aka yi ta sauya shi, har sunayen da suka fito a matsayin marubuta suka zama McQuarrie da 'yan'uwa biyu, Jez da John-Henry Butterworth. An fara ɗauka a Oktoban 2012 tun ba a daidaita kan yadda labarin zai ƙare ba, abin da wataƙila ya bayyana raunin da aka ambata. Yawancin aikin an yi shi ne a sutudiyon Leavesden da ke kusa da Landan, inda aka gina bakin tekun, kuma an rufe dandalin Trafalgar aka saukar da jirgi mai saukar ungulu a tsakiyarsa. Sulken da jaruman suka sa na gaske ne da aka ƙera, nauyinsa kusan kilo 39, wasu ma sun fi haka. Blunt ta yi wata uku tana horo kafin ta sa shi. Cruise kuwa yana da shekara 51 lokacin da fim ɗin ya fito.

Kasuwa da rikicin suna

An kashe kimanin dala miliyan 178 wajen shirya shi, ban da kuɗin talla. A ƙarshen makonsa na farko a Amurka ya tara ƙasa da dala miliyan 29, ya zo na uku, a bayan The Fault in Our Stars, wani fim ɗin soyayya mai ƙaramin kasafi, da kuma Maleficent. Duk da yabon da masu sharhi suka yi masa, da ƙyar ya haura dala miliyan 100 a gida. Kasuwannin waje, musamman Sin da Koriya ta Kudu, su suka ɗaga jimillar zuwa kusan dala miliyan 370. Ɗan kasuwa zai gane cewa wannan ba riba ce mai kauri ba, tunda gidajen sinima na riƙe kaso mai yawa na kuɗin tikiti kafin sauran ya isa ga masu fim.

Da yawa sun ɗora laifin a kan sunan. An fara aikin ne da sunan littafin, sai a 2013 kamfanin ya sauya shi saboda kalmar kisa da ke ciki. Sabon sunan, wanda ke nufin bakin gobe ko gaɓar gobe, bai gaya wa mai sayen tikiti komai game da hajar ba. Liman ya fi son Live Die Repeat, wato rayu, mutu, maimaita, wanda aka bari a matsayin taken talla kawai. Da aka zo fitar da faifai a ƙarshen 2014, sai aka buga wannan take da manyan baƙaƙe, ainihin sunan ya koma ƙarami a ƙasa. A Japan kuwa da sunan littafin aka nuna shi.

Bayan ya bar sinima ne kimarsa ta riƙa ƙaruwa a wajen masu kallo a gida. McQuarrie ya ci gaba da aiki da Cruise, inda ya ba da umarnin finafinan Mission: Impossible tun daga na 2015, Liman kuma ya sake haɗuwa da shi a American Made na 2017. An daɗe ana maganar kashi na biyu, har Liman ya taɓa ambata masa suna Live Die Repeat and Repeat, amma har zuwa rubuta wannan bayani ba a fara ɗauka ba. Idan ma aka yi, ba za a ga Bill Paxton a matsayin Saje Farell ba, domin ya rasu a watan Fabrairun 2017.